Shekaru Biyu Kafin Aji Ɗaya: Halwa, Rauda da Rumfar Kasuwa a Gadarif

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sarin riɗi a Gadarif ya san amfani ne mai ƙa'idar lokaci. Idan ya nuna wajen watan Oktoba, 'yan kwanaki ne kawai manomi yake da su ya yanke ya ɗaure. In ya yi sakaci kwanson ya bushe ya tsage, ƙwaya ta zube ƙasa, wahalar damina guda ta zama rabon tsuntsaye. Masana tarbiyyar yara suna cewa shekarun farko na ɗan Adam ma suna da irin wannan hali. Akwai abin da yake shiga kan yaro cikin sauƙi yana ɗan shekara huɗu ko biyar, wanda idan aka bari sai ya kai goma, za a iya samu, amma da wahala da tsada. Hausawa dai sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi ya sa tambayar da masu saurarenmu suka fi yi mana a gidan rediyo duk sa'ad da aka kusa buɗe makarantu ba ƙarama ba ce. Mai shago a babbar kasuwar Gadarif, da mai kai kaya Gallabat a bakin iyakar Habasha, da mai sayen dawa a Doka ko Hawata, duk abu guda suke tambaya: yaro ya cika shekara huɗu, ina ya kamata a kai shi? Makarantar allo, wadda a nan Sudan ake kira halwa? Ko rauda, wato makarantar share fagen shiga firamare, mai kuɗin wata da riga iri ɗaya? Ko kuwa a bar shi a rumfa kusa da mahaifinsa har ya isa shiga aji ɗaya? Mun ga ya dace mu bi diddigin abin da doka ta tanada da abin da masu bincike suka gano, sannan mu auna su da halin da ɗan Bahaushe yake ciki a wannan jiha.

Yadda dokar ta samo asali

Kafin Turawan Ingila su kafa mulkinsu a 1899, halwa ce makarantar mafi yawan yaran Sudan. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji daga ƙasar Hausa, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar, ba su tarar da baƙon abu ba. Allo ne da tawada, da wutar karatun dare wadda ake kira tugaba a nan, kamar dai yadda suka baro a tsangayun gida. A shekarun 1920 gwamnatin Turawa ta riƙa biyan wasu malaman halwa ɗan albashi domin su haɗa da rubutu da lissafi, saboda hakan ya fi mata arha a kan gina makarantu.

A 1934 aka buɗe makarantar horar da malamai ta Bakht al-Ruda kusa da Duwaim, ƙarƙashin wani Bature mai suna Griffiths. Daga nan ne aka fara tsara karatun ƙananan yara bisa abin da suke gani a kewayensu. Tsofaffin ɗalibai har yau suna tuna littafin labarin ƙasa da ke zagayawa da yaro gidajen abokai a sassan Sudan, ya ga yadda kowa yake neman abincinsa. Haka zalika, gidan Babikir Badri, wanda ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Rufa'a a 1907, shi ne ya kafa kwalejin Ahfad a Umdurman a 1966, wadda daga baya ta zama jami'ar mata, kuma ta yi suna wajen horar da malaman rauda.

To sai dai duk da wannan, tsanin karatun gwamnati bai san da zaman ɗan shekara huɗu ba. Da farko tsarin shekara huɗu-huɗu-huɗu ne. A 1970, zamanin Numeiri, ministan ilimi Muhyiddin Sabir ya mai da shi shida-uku-uku. A duka biyun, karatu yana farawa ne daga aji ɗaya.

Shekarar 1990 ce ta kawo canji. A watan Maris ƙasashen duniya suka hallara a Jomtien ta ƙasar Tailan a taron Ilimi Ga Kowa, inda aka amince cewa koyo yana farawa tun daga haihuwa. A cikin shekarar Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara. A watan Satumba aka yi babban taron manufofin ilimi a Hartum, sannan majalisar ministoci ta fitar da ƙuduri mai lamba 1799, wanda ya mai da karatun share fage wani mataki a tsanin ilimin ƙasa. Sabon tsari ya zama shekara biyu ta share fage ga 'yan shekara huɗu da biyar, takwas ta matakin tushe, uku ta sakandare, yaro kuma ya shiga aji ɗaya yana da shekara shida. Abin lura a nan shi ne, gwamnati ta lissafa rauda da halwa duka a matsayin wuraren da yaro zai iya yin waɗannan shekaru biyu. A 2020 an koma tsarin shida-uku-uku, amma ba a cire matakin share fage ba.

Doka a takarda, nauyi a wuyan iyaye

Wani hanzari ba gudu ba: ƙudurin ya ba wa rauda matsayi, amma bai zo da ginin da zai wadata ko albashin malamai ba. A 1994, da aka raba ƙasar zuwa jihohi 26 har Gadarif ta zama jiha mai zaman kanta, nauyin ilimin tushe ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi, waɗanda ko na firamare da ƙyar suke ɗauka. Kundin tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya ce karatun firamare kyauta ne kuma tilas, amma rauda ta ci gaba da zama a hannun masu zaman kansu da ƙungiyoyi da kwamitocin unguwa.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da hakan zai haifar. Haja tana zuwa inda masu saye suke. Rauda ta yawaita a Hartum da manyan garuruwa, ta yi ƙaranci a ƙauyukan bakin kogin Rahad da na hanyar Gallabat. Binciken gidaje da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa kimanin kashi 22 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan shekara uku da huɗu suke zuwa wani tsararren karatun share fage. A gidajen masu hali adadin ya kai kashi 59, a gidajen da suka fi talauci kuwa kashi 7 ne. Ma'ana, ranar farko a aji ɗaya, wani yaro ya riga ya shekara biyu yana riƙe fensir, na kusa da shi a benci kuwa ranar ya fara ganinsa.

Ko inda raudar take, ba kowace ce ta amsa sunanta ba. Da yawa sun zama ƙaramar firamare: yara hamsin a ɗaki guda suna maimaita abin da malama ta faɗa da ƙarfi, a ba ɗan shekara huɗu aikin gida, a ƙarshen shekara a yi bikin yaye ɗalibai da riguna da hotuna wanda kuɗinsa kan girgiza aljihun uba. Domin a gane dalilin da ya sa wannan ba shi ne manufa ba, sai mu koma ga waɗanda suka fara tunanin abin.

Me masana suka gano game da kan yaro?

Sunan rauda, wato lambu, fassara ce ta sunan da wani Bajamushe, Friedrich Froebel, ya sa wa makarantarsa a 1840: lambun yara. A ganinsa yaro kamar shuka yake, malami kuma mai ban ruwa, wasa da waƙa da ƙere-ƙeren hannu su ne hanyar da ƙaramin yaro yake koyo. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa a birnin Rum. Ta yi musu kujeru daidai tsawonsu, ta kuma yanka haruffa da takarda mai kaushi domin yaro ya bi harafi da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. Duk wanda ya yi halwa zai yi murmushi a nan, domin malamanmu sun daɗe suna sa ƙolo ya zana baƙi a kan yashi da yatsa, sannan malam ya ja masa layi a allo da ƙwallon dabino, shi kuma ya bi sawun da tawada.

Jean Piaget, mutumin Suwizalan da ya rasu a 1980, shi ya nuna cewa tunanin yaro yana hawa mataki-mataki, kuma ba irin na babba ba ne. Kowa zai iya gwada irin gwajinsa a rumfa. A auna dawa mudu guda sau biyu a gaban ɗan shekara huɗu, ya yarda daidai suke. A juye ɗaya a doguwar gwangwani, ɗayan a faffaɗan tire, a tambaye shi wanne ya fi yawa. Galibi zai nuna gwangwanin, domin idonsa tsawo yake bi. Sai ya kai wajen shekara shida ko bakwai yake gane cewa canjin mazubi ba ya ƙara hatsi. Darasin shi ne, yaron da ya haddace ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari bai zama lalle ya san mene ne bakwai ba. Sai ya taɓa, ya raba, ya tara da hannunsa.

Lev Vygotsky na ƙasar Rasha, wanda ya rasu a 1934 yana da shekara 37, ya ƙara wani abu da Piaget bai ba shi ƙarfi ba. Ya ce akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai wanda ba zai iya ba sam, a tsakaninsu kuma akwai wanda zai iya idan wani da ya fi shi sani ya kama masa. A wannan tsakiyar ne koyo yake faruwa. Haka ake horar da yaron shago: yau ya miƙo leda, gobe ya ƙirga canji maigida yana kallo, wata rana a bar masa rumfa a tafi masallaci. Haka kuma gardi yake biya wa ƙolo karatu. Vygotsky ya kuma nuna cewa harshe shi ne kayan aikin tunani. Yaron da ake ji yana surutu shi kaɗai yana wasa da gwangwani, tunani yake yi a fili. Sai mu riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa.

Malaman Musulunci ma ba a bar su a baya ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi nasiha a bar yaro ya yi wasa bayan an tashi daga makaranta, domin hana shi yana dushe masa basira. Ibn Khaldun a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ware babi guda kan illar tsanantawa ga ɗalibai, inda ya bayyana cewa duka yana koya wa yaro kasala da ƙarya da ɓoye abin da ke zuciyarsa. Wannan gargaɗi ya dawo wa mutane a rai a watan Oktoban 2020, lokacin da sashen Larabci na BBC ya nuna yadda ake ɗaure yara da mari ana dukansu a wasu halwoyin kwana. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, amma uban da ya miƙa ƙaramin yaro wani gari mai nisa, ya shekara bai leƙa shi ba, ya sani amana ce a wuyansa.

Lissafin kasuwa da lissafin aji

Akwai binciken da ya shafe mu kai tsaye. A 1985 wasu masana uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann, suka buga sakamakon aikin da suka yi da yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Burazil. Sun riƙa zuwa kamar masu saye, su tambayi kuɗin kwakwa goma ko canjin babbar takarda. Yaran sun amsa kashi 98 cikin ɗari daidai. Da aka rubuta musu lissafin nan dai a takarda irin na aji, kashi 37 kawai suka ci. A 2025 mujallar kimiyya ta Nature ta buga makamancin wannan daga kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya, aikin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019. Yaran kasuwa sun ƙware a lissafin ciniki da ka, sun gaza a na takarda. 'Yan makarantar da ba su taɓa ciniki ba kuwa sun iya na takarda, sun ruɗe a na kasuwa.

Ke nan yaron da ya tashi a rumfa yana da jari na gaske. Wanda yake jin mahaifinsa yana juya fam ɗin Sudan zuwa bir ɗin Habasha a Gallabat ya san abin da ɗan birni bai sani ba. Amma wannan jari ba ya tsallakawa zuwa littafi da kansa. Sai an gina masa gada, kuma shekarun share fage su ne lokacin ginin.

Gadar kuwa ba lalle sai da kuɗi mai yawa ba. A 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan ƙasa da shekara biyu waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu an riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi hira da wasa da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka neme su. Waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Babu ɗan kasuwar da zai raina irin wannan riba.

Hausa a gida, Larabci a aji

A nan ne matsalar ɗan Bahaushe ta bambanta da ta maƙwabcinsa. Karatun gwamnati a Sudan da Larabci ake yi. Yaron da ya tashi a cikin garin Gadarif yakan tsinci Larabcin titi tun yana ƙarami, amma na ƙauyen da kowa Hausa yake yi, yakan shiga aji ɗaya da kalmomi kaɗan. An ɗora masa kaya biyu ke nan a rana guda: ya koyi karatu, ya kuma koyi harshen da ake karatun da shi. Malamin da bai san haka ba sai ya ɗauka yaron daƙiƙi ne, alhali a gida shi ne sarkin tatsuniya. Halwa tana taimakawa wajen sanin baƙi da wasali da gyaran furuci, kuma wannan babbar riba ce tunda haruffan ɗaya ne da na aji. Amma hadda daban, fahimtar bayanin malama daban.

Wasu iyaye, don gudun wannan, sai su daina yi wa yaro Hausa a gida. Abin da aka gwada a wasu ƙasashe bai goyi bayan haka ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife ta Nijeriya, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida ta firamare, Ingilishi yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, a wasu darussan ma sun fi su. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro yake farawa da Hausa kafin Faransanci. Maƙwabciyarmu Habasha tun 1994 ta tsara a koyar da 'yan firamare da harsunansu, sannan bayan manufar kula da ƙananan yara ta 2010 ta fara liƙa aji guda na share fage, wanda ake kira ajin sifiri, a jikin makarantun firamaren gwamnati, domin ɗan ƙauye ma ya samu.

A Sudan, kundin 2005 ya amince cewa dukkan harsunan ƙasa harsunan ƙasa ne da ya kamata a mutunta a kuma bunƙasa, amma wannan bai sauko cikin ajin yara ba. Ba muna cewa a bar Larabci ba ne. Shi ne harshen Alƙur'ani, shi ne na ofis da jarrabawa da kasuwa. Abin da bincike ya nuna shi ne, yaron da harshensa na gida ya yi ƙarfi ya fi saurin kama na biyu, musamman idan ya samu malamar da za ta ce masa ga sunan abin nan da Hausa, ga shi kuma da Larabci.

Gwajin da aka yi a ƙauyukanmu

Jihar Gadarif tana cikin jihohi uku, tare da Farin Nilu da Kurdufan ta Arewa, da aka yi wani gwaji a 2014 da 2015 a ƙauyukan da ba su da makaranta. Ma'aikatar ilimi da Jami'ar Ahfad da ƙungiyar War Child ta ƙasar Holan suka raba wa yara 'yan shekara bakwai zuwa tara ƙananan kwamfutocin hannu da ake caji da hasken rana, ɗauke da wasan koyon lissafi. An zana wasan ne daga hotunan da yaran Sudan suka zana da kansu, na bukkoki da awaki, a ciki kuma har da shago inda yaro yake saye da sayarwa. Mai kula da su mutumin ƙauyen ne, ba malamin makaranta ba. Sakamakon ya nuna lissafin yaran ya ƙaru sosai, mata da maza. Shirin daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashe da sunan Can't Wait to Learn. Abin da ya kamata mu ɗauka a nan ba na'urar ba ce kawai. Dabarar ita ce an fara wa yaro da abin da ya sani, aka bi da shi sannu a hankali zuwa abin da bai sani ba.

Yaƙi ya ci shekarun wasu

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe makarantu a faɗin ƙasa. A watan Oktoban shekarar UNICEF da Save the Children suka ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disamban 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Gadarif, makarantu da yawa suka zama masauki. Wannan ƙari ne a kan 'yan gudun hijirar Tigray da aka sauke a sansanin Um Rakuba tun watan Nuwamban 2020.

A yi lissafi mai sauƙi. Yaron da aka haifa a 2019 ya cika shekara huɗu a shekarar da yaƙi ya fara, ya cika shida a 2025. Shekaru biyun da ƙudurin 1990 ya ware masa sun faɗo daidai cikin rikici. Irin waɗannan yara suna nan a gidajenmu da rumfunanmu, kuma idan suka yi jinkirin kama karatu, laifin ba nasu ba ne. Haƙuri suke bukata da ƙarin hannu, ba bulala ba.

Abin da ke hannunmu

Na farko, a yi wa yaro magana, a kuma saurare shi. Tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin dandali na kakanni ba ɓata lokaci ba ne, da su yaro yake tara kalmomi. Uwa da kaka su ne malaman farko, kuma ba sa karɓar kuɗin wata.

Na biyu, idan yaro yana rumfa, a mai da zaman karatu. Ya ƙirga buhuna, ya ware manyan albasa da ƙanana, ya kasa gyaɗa kashi uku, sannan a nuna masa yadda ake rubuta adadin a ƙasa ko a bayan kwali. Wannan mataki na ƙarshe shi ne gadar da yaran Recife suka rasa. Zama kusa da uba na sa'a ɗaya ko biyu daban ne da ɗora wa ɗan shekara biyar talla daga safe har magariba.

Na uku, halwa da rauda ba kishiyoyi ba ne. Yaro zai iya yin allo da asuba ko da yamma a unguwarsu, ya kwana a ɗakin mahaifiyarsa, da hantsi kuma ya je rauda. Kafin a biya kuɗi a leƙa ajin. Yara suna magana ko malama ce kaɗai ke yi? Akwai abin da suke taɓawa da hannu? Akwai inuwa da ruwan sha da banɗaki? Akwai bulala a kan tebur? Amsar waɗannan ta fi kyawun fentin ƙofa muhimmanci.

Na huɗu, a yi wa yaro takardar haihuwa da wuri, mace da namiji. Mu da aka sha tambayar asalinmu duk da kakanninmu a nan aka binne su, mun fi kowa sanin darajar takarda.

Na biyar, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suke iya tara kuɗin mai gadi da na gyaran masallaci za su iya kama ɗaki ɗaya kusa da kasuwa, su nemi izinin hukumar ilimi, su ɗauki 'yarsu da ta gama sakandare mai jin Hausa da Larabci, su tura ta horo, su riƙa biyanta a kan kari. Kwamitocin iyaye kuma su riƙa tuna wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar ilimi ta jiha cewa ƙuduri mai lamba 1799 ya haura shekara talatin, kuma aji guda na share fage a jikin kowace firamare abu ne da aka riga aka yi a tsallaken iyaka. Yayin da ake gyara makarantun da suka zama masauki, lokacin faɗar wannan magana ke nan, tun kafin a gama rabon ɗakuna.

Allah ya raya mana zuri'a, ya kuma dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya.